Lamba Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Ni ce Eirlys. Shekara talatin
ina zuba wa 'ya'yan Penrallt dankali a makaranta.
Da aka ce za a matso da mulki Cardiff,
ni na bi gida-gida cikin ruwan sama,
takardu a jakar leda, ina cewa ku amince.
London ta yi wa maƙogwaronmu nisa.
Mu sami wanda in mun kira zai waiwayo,
wanda in ya yi ƙarya za mu haɗu a kantin burodi.

To, mun amince.

Yau 'yata Nest na kwana a saman shagon wanki,
ɗaki ɗaya, ita da yara biyu.
Bangon ya yi baƙi kamar gindin tukunya,
Cynan ƙarami na tari tun faɗuwar ganye.
Lambarta a layin gidaje ɗari huɗu da sha biyu.
Bara ɗari huɗu da tara ce.
Ban taɓa ganin layi mai tafiya da baya ba.

Ku hau titinmu da dare a Janairu ku ƙirga:
gida goma sha tara, fitila a biyar.
Sauran na baƙin hutu ne,
kowace ƙofa da akwatin makulli mai lambobi,
murhu a mace, gado a gyare yana jiran Yuli.
Kakannin mijina sun fasa dutsen nan har huhunsu ya ƙare
don a yi wa biranen wasu rufi.
Jininsu ne ke tarar yoyo da kwano.

An soke motar ƙarfe bakwai.
Tegwen ta jira aikin ƙugunta hunturu biyu,
ta daina hawa bene, ta sauko da gadonta kusa da ƙofa.

Daren Talata suka turo wakili ɗakin taron coci.
Ya shigo da taswira da murmushi,
sai na ga Meurig ne, ɗan gidan Vaughan,
yaron da ke ɓoye wake a aljihu don kar ya ci.
Ya ce kuɗin daga London suke zuwa, kuma ba sa isa.
Ya ce gini aikin ƙaramar hukuma ne.
Ya ce akwai tsari, tsarin na da matakai.

Na tashi, gwiwata ta yi ƙara kowa ya ji.
Na ciro ɓallin takardar bango daga jaka,
na ajiye masa a kan taswirar, da danshinta da warinta.
Na ce Meurig, shaƙa.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
In Cardiff za ta nuna London, London ta nuna Cardiff,
ai ba cinya ba ƙafar baya.
Ban ce ƙarya kake ba, na san tukunyar ba ta cika,
amma ludayin a hannunku yake,
kuma na san yadda ake rabo in abinci ya gaza:
daga mai yunwa ake farawa.
Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kunnensa ya yi ja kamar da.
Ya ce gida ashirin a filin tsohuwar tasha,
za a sa harsashi kafin Maris ya fita.
Na ce wace rana? Ya duba takarda.
Na ce faɗi da ƙarfi, Tegwen ba ta ji sosai.

Ya faɗa. Na rubuta a littafin da nake lissafin madara.

Ban yi nadamar ƙuri'ata ba, kar a ce na ce.
Don wannan daren na jiƙe a wancan ruwan,
don in kira shi da sunansa ya amsa.
Filin tasha minti goma ne daga ƙofata,
ina da kujera mai naɗewa da butar shayi.
Takardar bangon kuwa na bar masa.
Akwai saura da yawa inda na ɓallo ta.