Jan Biro

Ni ke riƙe da littafin sa hannu
a kamfanin robobi na Sharaɗa.
Biro biyu ne a aljihuna,
shuɗi na wanda ya zo, ja na wanda bai zo ba.
Shekara tara jan bai san sunan Rabilu ba.

Sai ga Litinin, babu shi.
Ga Alhamis, babu shi.
Na ce ya samo wani aikin a Bompai,
ko yana jan Adaidaita a ɓoye.
Na danna ja har ya huda takarda,
sau bakwai.

Ran da na ja shi bayan injin buta
zan karanta masa doka,
bai ce uffan ba, hannun riga ya naɗe.
Jijiya ta tashi kamar igiyar guga,
sawun allura a jere a kanta.
Ya ce, "Taɓa."
Na ji tana kaɗawa a ƙarƙashin yatsana
kamar janaretan maƙwabta cikin dare.
"Wankin ƙoda, Oga. Asibitin Malam.
Awa huɗu ina kwance,
jinina ya fita yawo cikin inji, ya dawo.
Don Allah kar Manaja ya ji."

Manaja ya ji, a bakina.
Ban runtsa ba kafin in faɗa,
ban runtsa ba bayan na faɗa.
Ya daɗe yana latsa kalkuleta,
ya ce kamfani ba asibiti ba ne.
Na ce haka ne, ranka ya daɗe,
amma wa ke jin tarin injin nan tun daga bakin ƙofa
kwana biyu kafin ya tsaya?
Ya kalli silin.
Ya ce, "Kar dai buta ɗaya ta ragu."

Mudansir ya ɗauki Litinin.
Tasi'u ya ɗauki Alhamis, yana ƙunƙuni,
ya kuma riga kowa zuwa.
Muka ɗauke Rabilu daga bakin wuta
muka ba shi sito, da kujera, da taga,
yana ƙirga dozin, kunnensa na wurin inji.

Ruwa ne ya ba mu wuya.
Likita ya auna masa kofi uku a wuni,
a bazarar Kano, ƙarƙashin kwano.
Sai muka koma shan namu a ɓoye kamar ɓarayi,
har ya kama Tasi'u bayan buhuna
da ledar ruwa a baki.
Ya ce, "Ku sha a gabana.
Ƙishin nawa ne, ban ba kowa ajiya ba."

Gwangwanin da muka zagaya da shi ƙarshen wata
ya ture shi da bayan hannu.
Uwani ta sashen ƙulli ta ɗauke,
ta juye kuɗin a gefen mayafi,
ta ce, "Adashi muka fara, kai ne ɗaukar fari."
Wata takwas ke nan ana zubi.
Ba wanda ya tambayi ɗauka ta biyu.

Makon jiya ya yi kuskuren lissafi,
motar kasuwar Singa ta tafi da giɓin dozin shida.
Na daka masa tsawa kafin in tuna.
Sito ya yi tsit. Uwani ta harare ni.
Shi kuwa dariya ya yi har ya riƙe kujera,
ya ce, "Yau dai an yi min faɗa irin na kowa."

Hudar nan bakwai na nan a littafin,
in na ɗaga shafin ina hango fitila ta ciki.
Gobe Litinin.
Zan buɗe gaban sunansa in sa shuɗi,
in rubuta: yana wanki, zai zo Talata.
Jan kuma na ajiye wa Mudansir,
da ke kwana a gidan kallon ƙwallo.