Rawar Jigo

Shekara uku ina bin sawun Baba Tambai,
in ya taka in taka, in ya juya in juya,
har akayau ya ci mini idon sawu,
ban taɓa tambayar kaina me nake takawa.

Ran wata Laraba da la'asar sakaliya
ya tofar da goro ya ce, "Sabi'u,
kalankuwar bana kai za ka tsara.
Yara shida, makaɗi ɗaya, sati biyar.
Ni gwiwata ta ce a kai kasuwa."

Na kwana ina ɗinki a zuci:
juyin koroso nan, tsallen Fulani can,
da wata girgiza da na gani a waya.
Na ce duk Auyo sai an rasa bakin yabawa.

Bayan firamare, gindin tsamiya,
Ɗanliti ya yi hagu, Lantana ta yi dama,
Kyauta ya take wa Auta ɗan yatsa,
Na'iya ya ajiye kalangu yana dariya.
Na yi ta tsawa har murya ta dishe,
su kuwa suna kallon awaki masu wucewa.

Baba Tambai na kan turmi, bai ce uffan ba.
Sai da aka watse ya ce, "Rigar ta yi kyau,
amma hannun nawa ne, wuyan na marigayi Barau.
Ina naka ƙyallen? Zanen aro
ba ya rufe katara, balle a sa shi a rawa."

Kwana huɗu ban leƙa tsamiya ba.
Na bi babana fadama don in ɓuya,
wai zan kama masa ban ruwan albasa.
Shi bai yarda da inji ba, mai ya yi tsada,
jigonsa ya girme ni, har yau yana ɗagawa.

Na zauna kan kunya ina kallonsa.
Ya sunkuya, sanda ta bi shi ƙasa,
ya dakata, guga na shan ruwa,
ya miƙe, ƙafar hagun da sa ya taɓa takewa
ta ɗan makara kafin ta bi 'yar'uwa.
Ƙiii, tsulum, shaaa. Ƙiii, tsulum, shaaa.
Ashe kiɗan na gidanmu, ni ina nemansa a dawa.

Na koma. Na zubar da tsalle goma sha ɗaya.
Har wanda na fi so, mai alkafura,
na cire shi kamar ana cire mini haƙori.
Na ce wa Na'iya, "Rage hannu, bar gurbi."
Ya ce, "Yaushe aka fara biyan makaɗi ya yi shiru?"
Muka yi kwana biyu ba ma gaisawa.

Lantana ce ta ce, "In kun sunkuya,
mu biyu mu zama ruwan, mu bi ta tsakani."
Ba dabarata ba ce. Na haɗiye, na karɓa.
Ta fi tawa, ko da ban so faɗawa.

Daren kalankuwa cikina ya ɗuri ruwa.
A juyi na uku akayau ɗin Auta ya tsinke,
ya yi sama ya faɗa gaban mai tsire.
Na ce shi ke nan. Amma yaron bai tsaya ba,
ya ja ƙafar da ba ta da amo
daidai inda ɗingishin yake zuwa.
Fili ya yi tsit. Can wata tsohuwa ta ce,
"Kai! Wannan ai Haladu ne a bakin ruwa!"
Guɗa ta tashi. Ni ban iya ko tafawa.

Babana bai liƙa mini ko sisi ba.
Da safe a fadama yana ɗaura igiya
ya ce, ba tare da ya dube ni ba,
"Kun yi gaggawa wajen ɗagowa.
Guga cike ba ya tashi kamar wofi.
Zo ka kama, ka ji nauyin a kafaɗa."
Na tuɓe takalmi, na kama sandar,
na fara koyon rawar da na gama tsarawa.