Mai Awo Ya Ajiye Sikeli

Shekara talatin da huɗu ina awon ganyen shayi,
sikeli bai taɓa yi mini gardama ba.
Yau da na ajiye aiki na dawo gida,
tazarar mota da katanga ta gagare ni aunawa.

Motar fara ce, ta girmi autanmu,
tana tari da asuba kamar mai ita.
Garinmu Rize kuwa a rataye yake jikin dutse,
hanya ba ta taku goma sai ta karkata,
ruwan sama kuma baƙo ne marar ta-ido:
ya sauka Litinin, Alhamis bai yi sallama ba.

Ran Talata na yi ribas a ƙofar gida.
Na ji ƙaras! Na ce ai dutse ne.
Nezahat ta leƙo ta taga, ludayi a hannu:
"Rifki, dutsen nan da ka taka,
jiya jiya na dasa masa kabeji."
Tukwane uku. Na kwashe ɓaraguzan ban ce uffan ba.

Madubin dama kuwa, a katangar Hikmet na bar shi.
Ya kawo mini har gida, naɗe cikin jarida,
ya ce, "Maƙwabci, ga idonka ɗaya ka manta."
Na ɗaure shi da salatif.
Yanzu sama kawai yake nuna mini,
gajimare da tsuntsayen teku,
ni kuwa ban taɓa karo da ko ɗayansu ba.

Sai ranar da na tsaya sayen ƙananan kifi.
Ina cikin tayi, mai kifi ya daina kallona.
Na waiga: ga motata tana gangara ita kaɗai,
a hankali, kamar tsohuwa za ta gaisuwar mutuwa.
Birkin hannu! Na bi ta da leda a hannu,
gwiwoyina suna ba ni haƙuri,
har ta shige gonar shayi ta tsaya cak.
Mata masu tsinka suka riƙe ciki don dariya:
"Mai awo, yau kai da kanka ka biyo ganye?"
Ganyen da na yi rayuwata ina ɗorawa a sikeli
yau shi ya ɗauki nauyina, bai rage mini ko giram ba.

Da dare Nezahat ta karɓi makulli,
ta rataye shi a ƙusa tsakanin ludayi da mataci,
ta miƙo mini cokalin katako.
"Wuyan hannuna ya gaji. Zo ka koyi muhlama.
Man shanu tukuna. Bari ya yi kumfa.
Garin masara kaɗan kaɗan. Juya!
Nan gaba kawai ake yi, babu ribas."

Na ɗauko ɗan sikeli zan auna gishiri,
ta ture shi, ta tsoma yatsu uku.
Ta farko ta kama, har Hikmet ya jiyo ƙauri.
Ta biyu ta yi gudaji, kyanwa ma ta sunsuna ta wuce.
A ta biyar na ɗaga cokali,
cuku ya biyo shi, ya miƙe, ya miƙe,
kamu guda bai tsinke ba.
Ba ta yaba ba. Ta dai yagi burodi,
ta suɗe kaskon har gindi.

Yanzu muna zaune, shayi ja a ƙananan kofuna,
teku ya yi duhu, ruwa ya sake tsinkewa.
Gobe jikarmu Aysel za ta sauka a tasha,
dole wani ya je ya ɗauko ta.
Ba wanda ya ambaci makulli.
Amma da asuba, kafin kiran salla,
na ji motsi a tsakar gida:
Nezahat ce, tana jan sauran tukwanenta
ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan ɗaki.