Daren Talata Nawa Ne

A nan gajimare ba ya tsayawa a sama,
yakan sauko har bakin ƙofa, ya leƙa tukunya.
Daga gidanmu zuwa caji ofis na Chota
tafiyar wuni ce a kan alfadari,
shi ma in ruwa bai cinye hanya ba.
Wanda aka kwance wa dabba da daddare,
kafin ya kai ƙara an gama tsotse ƙashi.

Shi ya sa muka raba dararen mako
kamar yadda ake rabon gado.
Talata ta faɗo a kan mijina Nicanor,
shekara goma sha ɗaya yana riƙe da ita,
har ranar da gefen dutse ya zafto
ya binne shi, da gonar dankali, da jakin aro.
Da aka buɗe littafin sintiri za a soke sunansa
sai na ɗora tafina a kan shafin.
Na ce, mai gida ya tafi, amma saniya tana nan.

Na ɗauki bargonsa mai kafar wuya,
da usur, da tocilar da sai an mare ta take kamawa.
Mu shida ne. Ba ma hira,
sanyi ya hana haƙora zama wuri ɗaya.
Muna bin bakin kwazazzabo,
ƙafa na tambayar ƙasa kafin ta sauke nauyi.
Eusebio yana ƙirga karnuka da kunne:
na gidan Florinda ya yi haushi, lafiya lau.
Na tsoho Baltazar ya yi shiru.
Shirun nan ne bai kwanta mana ba.

A mashigar rafi muka same shi,
igiya a hannu, maruƙa biyu a baya,
ya naɗe musu kofato da tsumma don kada su bar sawu.
Na mari tocila, ta kama.
Da ma ba ta kama ba.
Wilmer ne, ɗan Florinda,
yaron da ni na yanke wa cibiya
daren da ambaliya ta tare ungozoma a tsallake.

Da safe aka taru a filin makaranta.
Wasu na cewa bulala, wasu na cewa a miƙa shi birni.
Ya ce bashin taki ne, ƙanƙara ta kashe shuka.
Baltazar ya miƙe, sai da sandarsa ta yi rawa,
ya ce, ni ma ƙanƙarar ba ta tsallake gonata ba.
Maruƙan nan su ne asibitina,
su ne kuɗin makarata.
Florinda ba ta ɗaga kai daga malafarta ba.

Aka yanke: zai nome wa tsoho gona har girbi,
zai yi sintiri wata shida.
Da aka ce wane dare zai karɓe shi,
Litinin ta yi tari, Laraba ta kalli takalmi.
Na ji bakina ya ce, Talata.

Yanzu shi ke gaba, ni ina binsa.
Ya san hanyoyin da mu ba mu sani ba,
inda shinge ke da taushi, inda kare ke karɓar cin hanci.
Ban ce na yarda da shi ba.
Har gobe igiyar saniyata ta taga take shigowa,
a ƙafar gadona nake ɗaure ta.

Amma jiya, daidai inda Nicanor ke kwance,
ƙasa ta sulluɓe a ƙarƙashina.
Ya juyo ya miƙo hannu,
hannun nan dai da na gani da igiya.
Na duba, babu wani a kusa.
Na kama.