Kilo Takwas

Kwana uku ne fa, Nermin, in ji shi,
kwana uku, ba ƙaura zan yi ba.
Na ce na ji.
Na taka kujera na sauko da akwatin
da ya shekara bakwai a saman kabad.
Na buɗe, sai warin danshi ya tare ni,
don a nan Rize ruwan sama
ko ƙarfe bai bari ya bushe.

Riga uku. Wando biyu.
Safa huɗu, don na san halinsa da kududdufi.
Maganin hawan jini a tafin hannuna na ƙirga,
uku na safe, uku na dare,
na ƙara biyu, jirgi ba shi da alkawari.

Sannan na sa ƙullin ganyen shayi.
Ya ce, a Izmir shayi ya ƙare ne?
Na ce bai ƙare ba,
amma nasu ba ni na tsinke shi ba.
Na naɗe burodin masara a tawul,
na cusa kwalbar zuma cikin hannun riga,
cuku a kusurwa,
sai 'yar hular ulu da na saƙa tun kaka
ina kwancewa ina sakewa,
don ban san girman kan da zai sa ta ba.

Hikmet ya ɗauko sikelin banɗaki.
Ya hau shi kaɗai, ya hau rungume da akwati,
ya yi lissafi a bayan takardar kuɗin wuta
yana lasar bakin fensir.
Sha ɗaya da rabi.
Su kuwa masu jirgi takwas suka ce,
kuma ba su san Aysel ba,
ba su san tun tana rarrafe
take lashe cokalin zuma ba.

Na fita kashe tukunya.
Ban daɗe ba.
Na dawo na tarar da takalman fitarsa a kan gado,
da wando ɗaya, da injin aski,
da rigar sanyin da ba ya rabuwa da ita.
Zuma na nan inda na sa ta.
Bai dube ni ba, ya ce,
can ai zafi ake yi.
Ban ce komai ba.
Mai shekara arba'in da ɗaya da mutum
ta san maganar da ake bari ta wuce.

A aljihun zif na ciki
yatsana ya taɓo wata takarda:
tikitin bas, ya koɗe, kujera biyu da ɗaya,
ranar da muka kai ta makaranta.
Mu uku muka tafi, mu biyu muka dawo,
akwatin nan wayam, ya fi nauyi a hanyar gida.
Na mayar da shi. Takarda ba ta da kilo.

Da gwiwata ta yarda da ni za a je.
Amma ga gwiwa, ga saniya,
ga shayi ya kai tsinka, ba ya jiran kowa.

Ya sake hawa sikeli.
Takwas da ɗigo uku.
Ya ce ɗigo ukun nan zan yi musu murmushi.

Gobe da asuba Cevdet zai zo da motarsa,
zai danna ham sau biyu kamar kullum
ya tashi karen maƙwabta.
Na jingine akwatin a bakin ƙofa.
Rigar sanyin kuma na rataye ta a kujerarsa,
ba zan ninke ta ba.
Kwana uku ne.
Na riga na ƙirga: Laraba, Alhamis,
Juma'a da la'asar in ɗora ruwan shayi.