Daga Sifili Zuwa Goma

Wata shida da yi wa gwiwata aiki
suka kira ni Komfo Anokye.
Na zaci hoto za a sake ɗauka,
sai ga yarinya da takarda da biro,
sunanta Afiya, haihuwar Juma'a,
da a gidanmu ne Jummai za mu ce.
Hausarta ta kasuwar Aboabo ce,
tana ɗingishi kamar ni.

Ta ce, Baba Gariba, likita ya ga ƙarfen,
ya zauna daram.
Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Daga sifili zuwa goma, ciwon nawa ne?

Na yi shiru.
Shekara arba'in da ɗaya ina auna mutane,
kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu,
tef a wuya, alli a bayan kunne,
ban taɓa tambayar wani faɗin kafaɗarsa ba.
Yau an ce in auna kaina
ta ciki, inda inci ba ya shiga.

Na ce, na wane lokaci?
Na asuba daban, kafin ruwan zafi.
Na ranar da hadari ya taso daga Ejisu daban,
gwiwar kan riga rediyo sani.
Ta ce, haɗa su, na makon nan.
Na ce uku,
don likitan ya sha tsayuwa a kaina.
Ta ajiye biro. Ba zai ji haushi ba, Baba,
sunanka ma ba ya kan takardar.
Na ce, to, biyar.

Hawa bene? Gidanmu ba bene.
Akwai dai kwata a ƙofar gida, taki ɗaya da rabi,
bara jikana Mumuni ke tsallakar da ni,
bana ni kaɗai, in ba a kallona.
Shiga mota? Na ce rubuta ta Kejetia,
matakinta a ƙugu, yaron mota na buga ƙofa.
Sa safa? Na yi dariya har ita ma ta yi.
Tsugunno fa?
Nan ban yi dariya ba.
Ta cika gurbin ba ta ɗago kai ba.

Tambaya goma sha biyu, za ta rufe.
Na ce da saura.
Ba ki tambayi keken ɗinki ba.
Kafin Sallah na taka shi, riga uku na gama,
a ta huɗu ƙafa ta ce ya isa.
Ba ki tambayi goshina ba.
Shekara huɗu ina salla a kujerar roba
a ƙarshen sahu, kusa da takalma.
Likita ya ce watakila, watakila kuma a'a.
Daren Talata na gwada, ni kaɗai a ɗaki,
na kai ƙasa, na ji warin tabarma,
tashin ne ya gagara
sai da Hawawu ta cicciɓe ni tana faɗa.
Wannan lamba nawa ce?

Ta duba takarda gaba da baya.
Babu gurbi, ta ce.
Sai ta karkata ta, ta rubuta a gefe,
ƙanana, kamar ƙulin hannu a bakin aljihu.
Ban sani ba ko injinsu na karanta gefe.

Akwai ɗaya a baya, ta manta:
da za a koma, za ka sake yarda a yanka?
Na dubi ta hagu da ba a taɓa ba,
tana ƙara tun daga benci,
takardar kuwa gwiwa ɗaya ta sani,
ni da biyu na zo.
Na ce, tambaye ni bayan damina.
Ta rubuta rana, wata Alhamis.

Na miƙe, sandar na hannu ban dogara ba.
A bakin ƙofa na waiwaya,
na auna kafaɗarta da ido,
sha huɗu da rabi.
Ban tambaye ta ba.