Takardar Ruwa

A Wad Madani, bakin ofishin ruwa,
Tasalla ta tsugunna tun hantsi.
Gonar audugar tata ce, gumin nata,
sunan da ke takarda na ƙanin mijinta.

Babikir magatakarda ya ja aljihun tebur,
bai ce uffan ba, aljihun ya yi magana.
Wanda ya jefa fam, gonarsa ta sha.
Tata ta tsage kamar faso.

Bana aka ce gyara ya taso daga Hartum.
An sake fenti, an sake hatimi,
Babikir ma ya sake rawani.

Ranar taro aka ce mata su jira waje.
Ta kutsa, ta dire busasshen hoge kan tebur:
"Ga takardata.
Karanta."